Biko ta Cikin Kwazazzabo

"Ba ni komawa."

Daga bayan danga na faɗa, kuma da gangan na ɗaga murya don wanda ke durƙushe a gaban Baba ya ji. Mijina ne, Ƙasimu. Ya zo biko.

Bai doke ni ba, bai hana ni ci ba. Ina 'yar budurwa gwaggona ta ɗauke ni zuwa Malbaza, can ya gan ni, can aka ɗaura aure, lokacin ba a daɗe da buɗe kamfanin siminti inda yake lodi ba. Amma tun da aka shafa fatiha bai taɓa taka ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Badaguishiri ba. Surukin kirki yakan zo da damina ya taya uban matarsa noma. Nawa gogan sai ya aiko wa Baba da buhun siminti, tsohon da ɗakinsa na laka ne tun kaka da kakanni. Ruwa ya doki buhun ya daskare, Baba ya mai da shi wurin zama.

Da ruwa ya zauna na ce mu je mu duba tsohon, tunda Inna ta rasu. Sai ya ce, "Mi za ni gani can in ba duwatsu da birai ba?" Washegari na ɗaure kayana na taho gida.

Baba ya kira ni, na zo na durƙusa ina kallon ƙasa.

"Barira, ni ba ni tilasta miki," in ji shi. "Shi ta bisa tudu yaz zo, bai ga komi ba sai tsakuwa. Ku koma ta kwari, da ƙahwa, ku biyu. In kun kai bakin hanyar mota kin ga dama, ki wuce da mijinki. In ba ki gani ba ki komo, shi kau shi sawwaƙe miki."

Yaji na yi, ban nemi saki ba. Ina son mutumin nan kamar raina, haushinsa ne kawai ya fi ƙarfina.

Da hantsi muka gangara. Ina gaba ba na ko waiwaye, yana baya yana zamewa cikin takalminsa sau-ciki. Duk wanda ya sa sau-ciki ya shiga kwarinmu, to shi ya jiyo.

"Barira... hasken idona, ki ɗan jira ni mana."

"Hasken idonka na sauri."

Muna shan kwana sai na ji takunsa ya tsaya. Na juya. Ya ɗaga kai sama, baki buɗe, har hularsa ta faɗi bai sani ba.

Dutse ne ja ya tsage gida biyu, kowane ɓangare ya miƙe har sai wuya ya gaji da kallo. Itatuwan ɓaure sun maƙale a jikinsa, saiwoyinsu sun rungume dutsen. Ruwa na tsattsafowa daga wata kafa yana ɗiga cikin kwarmi, garau, ana ganin yashin ƙasa. Sanyi ya ratsa mu. Kurciyoyi na kuka, dutsen na mayar musu.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. "Wa yag gina wanga?"

"Kamfaninku na."

Bai yi dariya ba. Ya sa tafinsa ya shafa dutsen kamar mai gaida babba. Ni ma da aka haife ni a nan sai da tsigar jikina ta tashi, don rabona da wurin tun Inna na da rai tana wanki a bakin kwarmin.

Can gaba birai suka leƙo daga kan tsauni.

"Ga waɗanda kac ce," na ce. "Gaishe su."

Ya sunkuyar da kai.

Mun yi nisa cikin yashin ƙoramar kwarin, wadda a bushe take, sai iska ta canza, ta zo da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Daga bayanmu na ji wani gurnani.

"Hau bisa!"

Na fizgo hannunsa, muka rarrafa har kan wani falalen dutse. Takalminsa ɗaya ya zame, ban bar shi ya waiwaye shi ba.

Sai ga ruwa. An yi shi can gabas inda ba mu gani ba, a kanmu kuwa rana ce tas, ko ɗigo babu. Ya shigo jawur, ya cika kwazazzabon daga bango zuwa bango, yana ɗauke da kututturen gawo kamar tsinke. Manyan duwatsu na gwaruwa a ƙarƙashinsa, falalen da muke kai na rawa. Inda muka taka ɗazu ya zama kogi. Na ga wannan ruwa tun ina yarinya, amma wanda ya ce ya saba da shi ƙarya yake yi.

Ƙasimu na ta salati, hawaye na bin kuncinsa. Sai a lokacin na lura ban saki hannunsa ba.

"Barira, in hwaɗa miki gaskiya?"

"In kana da ita."

"Ba raini na ba... tsoro na. Cikin garin Ƙonni nit tashi, ban iya riƙon hauya ba. Nac ce in na zo gonar Baba, samarin garinku su yi mani dariya gabanki. Shi as sa nib ɓoye bayan siminti."

"Dariya na kisa?"

"Ba ta kisa."

"To rashinka ya kusa kashe tsoho. Kowa surukinai na gona, shi sai shi ce nashi na bisa hanya. Ni kau ina ji."

Kuka ya ƙwace mini, ya bar ni na yi mai isata. Bai kare kansa ba ko da kalma ɗaya, abin da ya ƙara karya mini zuciya ke nan.

Bayan azahar ruwan ya janye. Muka sauka muna cusa ƙafa cikin laka, shi da takalmi ɗaya a hannu, har muka fito bakin hanyar mota. Ga wata kamiyo, babbar motar kaya, tafe tana tayar da ƙura. Na riga na yanke shawara tun a kan dutsen. Na gyara ƙunshina na ɗaga wa direba hannu.

Ƙasimu ya sauke mini hannun.

"Ni ba ni wucewa, rabin raina."

"Aikinka fa?"

"Ina da sauran hutu. In ya ƙare su jira, ko su nemi wani."

Kamiyo ta wuce, muka juya cikin kwazazzabo.

Dab da magariba muka iso. Baba na zaune a ƙofar gida. Da ya hango ni na dawo sai carbinsa ya tsaya, kafaɗunsa suka sauka. Ya zaci auren ya mutu.

Ƙasimu ya wuce ni, laka har gwiwa, ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ban iya ba, sai ka koya mani. Ina hauya?"

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya goge ido da bakin rawaninsa, ya juyo wurina.

"Barira, ɗebo ma ɗana ruwa."