Binnen Baba da Rumfar Sama

"To ki buɗe ta mana! Ba a hannunki maɓallin yake ba?" in ji Nomau, yana dukan teburin ƙanwarsa.

Injiniya Barira ko ɗagowa ba ta yi ba. A allon gabanta Rumfar Sama na ta aikinta: madubai birjik can sama da gajimare, suna juyawa a hankali, suna mayar wa rana da zafinta. Tun da aka kafa ta, birnin Tudun Gilas da kewayensa suka manta da bazara. Matan da a da ba sa rabuwa da mafici, yanzu har rigar sanyi suke sawa zuwa biki, wai gayu.

Sai dai ga abin da masu gayun ba sa so a faɗa. Damina ba haka kawai take zuwa ba. Sai ƙasa ta gasu a bazara, iskar kanta ta yi sama, sannan iska mai laima ta taso daga teku can kudu ta cike gurbin, ta haɗa hadari. Zafin nan shi ne gayyatar. Da aka sanyaya ƙasa, sai iskar teku ta riƙa zuwa rabin hanya, ta ga ba mai kiranta, ta zubar da ruwanta a can. Ƙauyukan arewa, har da Gangare, garin su Barira, suka bushe ƙamas.

"Yaya, zauna mu yi magana."

"Zama? Baba ya yi binne."

Nan fa ta ɗago. Ko ɗan yaye a Gangare ya san binne: a shuka iri a busasshiyar ƙasa, a bar shi ya jira ruwan fari.

"Da wane irin?"

"Geron tulun Kaka. Bara gara ta cinye rabi, bana ya juye sauran kakaf. Na hana shi, ya ce ai 'yarsa ce ke riƙe da sama, ba za ta ba shi kunya ba. Kullum da hantsi sai ya dogara sanda zuwa bakin gona, ya zauna yana duban gabas."

Barira ta ce, "Gidajen gilas ɗin nan ko taga babu. In na buɗe, jarirai da tsofaffi ne za su fara faɗuwa."

"Mu namu tsofaffin da itace aka sassaƙa su?"

"Ka kawo shi wurina. Akwai ɗaki, akwai abinci."

"Tuwon injin nan mai ɗanɗanon kwali? Kun ga rana ta yi muku yawa, kun rage. Mu wa ya tambaye mu?"

Barira ta dubi allon, ta ce a hankali, "Yaya, ko yanzu na buɗe, ƙasa ba za ta yi zafin da zai kira teku bana ba. An makara. Irin nan ba zai fito ba."

Nomau ya janye hannunsa daga kan teburin.

"To me zan ce masa?"

"Ka ce... ina ƙoƙari."

"A'a, Barira. Ba ni zan kai masa ƙarya bakin gona ba. Ki zo ki faɗa masa da bakinki, tun yana gane murya."

Ƙofofin ginin nan da kansu suke rufuwa, a hankali, cikin yanga. Nomau bai jira yangar ba. Ya fita, ya finciko ƙofar da hannu biyu, ya buga, garam!