Sharar Gunduma Ta Biyo Daeng Mattola Gida

Rana ta faɗa bayan gonakin shinkafa, ladan bai kira magariba ba tukuna, lokacin da abu na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Daeng Mattola. Yana zaune a barandar gidansa na katako mai dogayen ƙafafu, ya miƙe sawu yana jiran kifin da matarsa Nahariya take gasawa. 'Yarsu Tenri, mai shekara goma sha shida, tana ƙasa tana kwashe shanya.

Ya ɗauka kwakwa ce, sai ya tuna babu bishiyar kwakwa a saitin rufinsa. Ya sauka ya duba. Gwangwanin madara ne mai tsatsa, cike da baƙin ruwa mai wari.

Washegari a daidai wannan lokaci sai ga ɓawon ƙaguwa, da ruɓaɓɓen kabeji, da ƙunzugun jarirai. Rana ta uku matacciyar kyanwa. Kullum tsakanin faɗuwar rana da idar da salla, kuma ba a taɓa ganin hannun da ke jifa ba. Abin daga sama yake saukowa a miƙe, kamar ana zazzage kwando.

"'Yan adawa ne," in ji Daeng Mattola. "Sun ga aiki, baƙin ciki zai kashe su."

Aikin kuwa ya yi shi, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar sai ya ji labari. Ɗan majalisar gunduma ne, shi ke shugabantar kwamitin tsafta. Shi ya kawo motocin shara uku masu ruwan ɗorawa, har yana cewa in ya ga dama ƙudan gundumar ma sai sun nemi izininsa kafin su sauka. Da tsohon juji ya cika, aka gabatar wa majalisa wurare biyu. Ɗaya filin hukuma ne da ke manne da bayan gidansa. Ɗayan kuma wani kwari ne a gefen tsauni, inda wani tsohon idon ruwa yake ɓuɓɓugowa a gindin ƙatuwar cediya. Doka ta ce sai kwamiti ya je ya ji ta bakin mazauna wurin. Ya je, amma ko daga kan babur ɗinsa bai sauka ba. Ko "tabe" bai ce ba, kalmar neman gafarar da kowa ke furtawa kafin ya gifta wannan bishiya. Ya ɗora takarda a kan tankin mai ya rubuta: Babu mazauna. Aka ɗaga hannu a majalisa, motoci suka fara juye kayansu a kwarin.

A yammaci na biyar jifa bai zo ba. Shirun ya fi jifan nauyi. Kaji suka ƙi shiga akurki, suka tsaya cirko-cirko a ƙarƙashin gida. Nahariya ta shiga madafa ta tarar da Tenri zaune a ƙasa, ta juya wa ƙofa baya, tukunyar shinkafa tana ƙauri a gabanta.

"Tenri, ba ki jin ƙauri ne?"

Yarinyar ta juyo a hankali. Warin juji ne ke fitowa daga bakinta. Da muryar tsohuwa, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Wa ya rubuta?"

Daga nan ta daina cin abinci. Abin da take amayarwa baƙin ruwa ne, wani lokaci da guntayen leda a ciki. A asibiti aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Kwana uku ta koma kamar kara.

"Daeng," in ji Nahariya, ba ta ko kalle shi ba, "ko ka kira Puang Lallo, ko ni in tafi da ƙafata."

Puang Lallo tsohon limami ne mai ilimi, wanda ido ɗaya ya mutu masa. Ya iso bayan la'asar, ya hau matakala da ƙyar. Ya sa aka kawo ruwa a kwano, ya zauna nesa kaɗan da tabarmar yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken da ke shigowa ta tsakanin katakai ya yi ja, sannan ya dushe. Sai Tenri ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Ya isa, limami. Ƙona ni kake yi."

"Wace ce ke? Musulma ce ko kuwa?"

"Na riga kakanka yin salla. A idon ruwan nan nake alwala tun kafin a sari bishiyar farko a garin nan."

"To me ya haɗa ki da yarinya? Ba ita ta yi miki laifi ba."

"Jikata ma ba ta yi wa kowa laifi ba. Ta sha ruwan. Tana kwance kamar yadda wannan take kwance." Idanun yarinyar suka zagayo kan ubanta. "Gida arba'in da ɗaya ne mu a kwarin nan. Kai ne ka rubuta babu kowa?"

Daeng Mattola, wanda ba a taɓa rufe masa baki a majalisa ba, ya sunkuyar da kai. "Ban gan ku ba."

"Ba ka sauka ba."

Puang Lallo ya tsoma yatsa a ruwan ya yarfa mata. Ta yi ƙara har kwanon rufi ya amsa. "Faɗi abin da kike so," ya ce, "amma ran yarinyar nan ba ya cikin ciniki."

"Motoci su tsaya. A kwashe abin da aka zuba."

"Ba ni kaɗai ba ne," in ji Daeng Mattola. "Majalisa ce. Sai an zauna, sai an ɗaga hannu."

Dariyar da ta fito daga ƙirjin 'yarsa ta sa Nahariya toshe kunne. "Mu ma mun zauna. Mun ɗaga hannu a kan 'yarka. Babu wanda ya ƙi."

Tsohon ya ci gaba da karatu, yana yi yana neman wa'adi. Ta ce gobe, ya ce wata guda, ta ce ko kusa. Da ƙyar aka tsaya a kwana bakwai, ya sa ta rantse da Wanda ya halicce su duka.

"Na rantse. Amma zan tafi da abu guda nata, don a riƙa tunawa. Kai kuma mai rubutu, wurare biyu ne a takardarka. Ka san ɗayan."

Tenri ta yi atishawa sau uku ta zube. Can ta buɗe ido ta dubi ubanta, ta kira shi yadda ta saba, ta ce, "Ambo, ƙishirwa nake ji." Muryarta ce.

Ranar Litinin Daeng Mattola ya miƙe a majalisa ya ce rahotonsa ƙarya ne, akwai mazauna a kwarin. Aka bushe da dariya. Shugaban majalisa, Haji Patahuddin, ya share hawaye ya ce, "Daeng, mazaunan nan naka suna da katin zaɓe kuwa? To in mun tashi daga can, a aljihunka za mu zuba?"

"A bayan gidana."

Dariya ta ɗauke. Kowa ya tuna nasa bayan gidan. Ba a taɓa ɗaga hannu da sauri irin na ranar ba.

Kwana shida motocin suna kwaso abin da suka zuba a kwari suna juyewa a bayan katangarsa, shi da kansa yana gaba da shebur. Jifa bai sake dawowa ba. Ƙudaje ne suka zo, kuma babu wanda ya nemi izininsa.

Tenri ta warke, ta yi ƙiba. Wata rana da yamma suna zaune a baranda, uwar ta ɗaure hanci da ɗankwali, uban ya tasa kifi a gaba ya kasa kai loma, ita kuwa tana ci hankali kwance.

"Ambo, me ya hana ku ci?"

"Warin nan, 'yata."

Ta ɗaga kai ta shaƙi iska. Ta kai kifin hancinta, ta kai ɓawon lemo, ta kai gefen mayafin uwarta. Sannan ta ajiye su a hankali. "Ni ba na jin warin komai."

A kan cinyar Daeng Mattola akwai takardar sabon jujin, wadda doka ta ce sai shugaban kwamiti ya cike. Ya daɗe yana kallon layin mazauna. Da ladan ya ɗaga murya, ya ɗauki biro ya rubuta: Gida ɗaya.