Teburin Gindin Tsamiya

"Ke Zinariya, fito ki ga abin da mai zarton nan ya ɗauro a keke," in ji tsohuwa Gaji, tana laluben bangon zaure da hannu. "Ko gadon amarya ya kawo tun ba a ba shi ba?"

Da'u ya jingine keken yana dariya. "Iya, ai ke na yi wa. Ita ɗanawa kawai za ta yi."

"Ni me zan yi da tebur, makaranta zan shiga?"

Zinariya ta fito tana rufe baki da gefen mayafi. Ta ga abin, ta ga mai abin, sai ta rasa wanda za ta kalla.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ke nan. Zinariya tana Toranke tare da babanta Malam Maiwada da kakarta Gaji, su uku rak a gidan. Uwarta Hure ta rasu tun Zinariya tana 'yar ƙanƙanuwa, a shekarar da cutar agana ta ratsa yankin, kuma tun daga ranar ba a ƙara jin sunan a bakin Malam ba. Bai ƙara aure ba. Sa'annin Zinariya duk sun yi ɗaki, wasu har da goyo, amma ita duk wanda ya zo sai Malam ya ce a dakata tukuna.

Shi Da'u kafinta ne, mutumin Gaya. A kasuwar Ajingi ya gan ta tana korar akuya daga farantin ƙuli-ƙulinta, ya ce mata abin sayarwa ba ya zama a ƙasa, shi zai yi mata tebur. Wasa-wasa zance ya yi nisa, har Malam ya fara amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Ana jira ne kawai Malam ya dawo daga wata ta'aziyya da ya tafi Gaya a tsayar da magana.

Teburin ɗan ƙarami ne, bai wuce gwiwa da kaɗan ba. Samansa fallen katakon maɗaci ne masu kauri, sun yi baƙi don tsufa, ƙafafunsa kuma guntayen azara. A gefe ɗaya akwai wani tsohon zoben ƙarfe irin na maƙera, yana reto.

"Ba sabon katako ba ne," in ji Da'u, kamar mai neman gafara. "Tsohon ƙyaure ne na tsinta. Na yanke inda gara ta ci, na zare ƙusoshin na miƙe su na mayar. Saman nan sai da na bi shi da gizago, na goge da yashi har tafina ya yi kanta. Zoben na bar miki, ki riƙa rataya ludayi."

"Ƙasan fa?" ta ce, don ta ji yatsunta sun taɓa kaushi.

"Ƙasan ban taɓa ba... Duk sanda na ɗora gizago sai in ji hannuna ya yi sanyi. Na ce to, ai ba mai gani." Ya miƙo mata wani ɗan gwangwani. "Man kaɗe ne. Shafawar na bar miki, Zinariyata, don ya san hannun mai shi."

Suka kafa shi a gindin tsamiyar ƙofar gida. Bayan ya tafi ta zauna da tsumma tana shafa man, katakon yana sha kamar mai ƙishirwa. Yana sha yana ƙara duhu, sai kuma wani ƙamshi ya fara tasowa. Ba na man kaɗe ba ne. Hayaƙin ɗaki ne da turaren wuta da kanumfari, irin ƙamshin da yake kama zanen mace. Ba ta san lokacin da hawaye ya ɗigo a kan katakon ba, kuma da za a tambaye ta dalili ba ta da shi.

Rana ta yi ja, ladan ya fara gyaran murya. Ko ganye ba ya motsi.

Ƙwas. Ƙwas.

Zoben ne ya bugi katako. Kafin Zinariya ta yi tunanin komai, ƙafafunta sun kwashe ta, sai ganin kanta ta yi a cikin zaure tana haki, kamar yarinyar da aka kira daga wasa. A tsakar gida kuma ludayi ya suɓuce daga hannun Gaji.

"A'uzu billahi," in ji tsohuwar. "Wa ya taɓa abin nan?"

"Ba kowa, Iya."

"Shigo ki rufe ƙofa."

"Iya, kin san ƙarar ne?"

"Na ce ki rufe ƙofa."

Kashegari ma haka, jibi ma haka. Da rana tebur ne kamar kowane, mata suna zuwa sayen ƙuli-ƙuli suna yaba shi. Sai dai akuyar nan mai ɓarna ba ta ƙara kusantarsa ba, kaji ma kewaye shi suke yi. Da magariba ta kawo kai zoben zai buga, Zinariya kuma ta tsinci kanta a cikin gida. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ba tsoro take ji ba. Daɗi take ji, irin na wanda aka tuna da shi.

Ranar da Malam Maiwada ya dawo, Da'u yana wurin, ya zo gaishe shi. Malam ya taho da sandarsa yana amsa sannu da zuwa, har ya iso gindin tsamiya. Nan ya tsaya. Ya daɗe yana kallon zoben.

"Ina ka samo katakon nan?"

Da'u ya durƙusa. "Baba, a wani kufai ne, yamma da gari. Ruwa ne ya kama ni na fake a can. Na gan shi a yashe, ƙasa ta rufe rabinsa, na ce asara ce a bar wa gara."

"Ba ka tambayi kanka ba? Garin da mata suke tafiya mai nisa neman itacen girki, ga katako a yashe shekara da shekaru, ba wanda ya ɗauka?"

"Wallahi ban kawo komai a raina ba, Baba."

Malam bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ƙyauren ɗakin uwarta ne. Da agana ta kashe ta, mata suka ƙi shiga, aka hana mu makara don tsoron cuta. Ni na cire ƙyauren nan da hannuna. A kansa na wanke ta, a kansa muka kai ta. Muka dawo na ajiye shi a can, muka bar gidan." Ya juyo ya dubi Da'u. "Mutumin da ya kawo wa 'yata makara tun kafin ya kawo lefe, ba zan ba shi ita ba. Tashi ka tafi. Wannan kuma gobe wuta zan sa masa."

Ya shige gida. Da'u ya miƙe da ƙyar, ya kama keke.

"Zinariya... ki yarda da ni, ban sani ba."

"Na sani."

"Da na sani da na yanke hannun nan kafin in taɓa shi."

"Kar ka faɗi haka." Ta dubi zauren da babanta ya shige. "Ni kaɗai gare shi, Da'u. Ba zan tsallake maganarsa ba."

"Ban ce ki tsallake ba, hasken idona. Gobe zan zo. Ni na yi abin, in za a ƙone shi gara a ƙone a gabana."

A ɗakin Gaji ta kwantar da kai a cinyar tsohuwa, ta yi kuka mai isarta. Gaji ta bar ta sai da ta gaji.

"Da zoben nan uwarki take kiran ki," ta ce a hankali. "Ba ta son ɗaga murya. Magariba tana yi za ta buga shi, ki sheƙo da gudu duk ƙasa a ƙafarki."

"To Iya, ita ce?"

"Wanda ya mutu ba ya dawowa, kar ki ɗauki wannan. Amma ubanki ma bai dawo ba. Ƙafarsa ce ta baro kufan nan, shi yana can."

Da gari ya waye, bayan sallar asuba, Zinariya ta fita da gwangwanin man da tsummanta. Ta ce a ranta, in ma ƙone shi za a yi, ba za ta bar aikin rabi ba. Ta kifa teburin, ƙafafu sama. Ƙasan duk ƙura ce da busasshen laka da gidan zanzaro. Ta kankare da tsinke, ta dangwalo mai, ta fara gogawa.

Sai wani shuɗi ya fara fitowa a ƙarƙashin tsumman.

Ta ƙara gogawa. Yatsa ya fito, wani ya biyo shi, sai ga tafin hannu sosai, na mace, da shuni. A gefensa kuma wani ɗan mitsitsi, yatsunsa a barbaje.

Ba ta ji zuwan babanta ba. Yana tsaye a bayanta da damin kara a kafaɗa da garwashi a kasko. Can gefe Da'u ya iso, ya tsaya nesa riƙe da keke.

"Matsa," in ji Malam.

Ba ta matsa ba. Ba ta taɓa ƙin maganarsa ba sai ranar, kuma ko kallonsa ba ta iya yi ba. Hannunta ta ɗaga, ta ɗora a kan ƙaramin tafin, ya ɓace a ƙarƙashin nata. Sai ta mayar da shi kan babban. Yatsa ya hau yatsa, ba ragi ba ƙari, har ɗan karkacewar ƙaramin yatsan.

Damin karan ya zame ya faɗi.

Malam ya ajiye kaskon, ya tsuguna. Ya ƙura wa tafukan nan biyu ido.

"Jajiberin sallah ne," ya ce daga baya, ba da kowa yake ba. "Ta yi miki kitso, ta shafa miki shuni, kina ta kuka wai da zafi. Sai ta ce zo mu sa hannu a ƙofa, kowa ya san ɗakinmu ne. Na yi mata faɗa ta ɓata ƙyaure... tana ta dariya." Ya kai yatsa ya taɓa gefen shuɗin. "Hure."

Zinariya ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Sai ta ji kamar yanzu aka raɗa shi.

"Duk shekarun nan," in ji Malam, "in na tuna ƙyauren nan, abin da na ɗora a kansa kawai nake gani. Na manta da bayansa." Ya ɗago. "Kai, zo nan."

Da'u ya matso ya durƙusa.

"Ka kankare saman tas. Me ya hana ka kankare nan?"

"Hannuna ne ya ƙi, Baba."

"To hannunka ya fi ka hankali." Malam ya goge ido da hannun riga. "Ka turo manyanka ranar Juma'a. Amma tebur nawa ne, ba ya cikin kayan ɗaki."

"Oho," in ji Gaji daga bakin zaure, tana jan majina. "Ni aka ce an yi wa, yanzu kuma an ƙwace. Kai mai zarto, ka biyo ni da kujera."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Teburin yana nan a gindin tsamiya, Malam yake zama kusa da shi da yamma, ya ɗora butarsa da carbi. Zoben bai fasa bugawa ba. Da'u ya ce ƙarfe ne, in ya sha rana sanyin yamma ya taɓa shi sai ya motsa. Gaji ta ce to, Allah ne masani.

Ranar kai amarya, motar da za ta kai su Gaya ta makara, ba a fito da Zinariya ba sai da rana ta yi ja. Tana lulluɓe, mata suna riƙe da ita, ana guɗa. Sun zo daidai tsamiya ke nan ladan ya gyara murya.

Ƙwas. Ƙwas.

Guɗar ta tsaya. Zinariya ta ji ƙafafunta sun juya da kansu, suna neman zaure. Matan suka riƙe ta, ita kuma tana ja, tana kuka a cikin mayafi.

Sai ta ji takun babanta. Ta ƙasan mayafi ta hango hannunsa ya sauka a kan zoben, ya rufe shi a hankali, kamar mai riƙe hannun wani.

"Hure, bar ta," ya ce. "Ba wasa za ta ba. Ɗakinta za ta shiga."

Zinariya ta ji ƙafafunta sun saki. Ta juya, ta taka zuwa mota da kanta.

Teburin ya daɗe a gindin tsamiyar nan, har 'ya'yan Zinariya suka ci tuwo a kansa, suna shiga ƙarƙashi suna gwada hannuwansu. Rana tana dukan zoben, sanyin yamma yana taɓa shi, amma tun daga magaribar nan ba wanda ya ƙara jin ya buga.