Fuskar da Ta Manne a Gilashi

Ku matso, yara. Wannan da idona na gan shi, idon nan na dama da ke hango allura daga ƙarshen layi. Katangarmu ɗaya da gidan da abin ya faru, kuma katangar gajera ce.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Kakarta na kiranta Sarkin Sauri, don ko takalmi a guje take sa shi.

Wata rana malaminsu ya ce za a yi gasar ɗaukar hoto. Sharaɗi ɗaya ne: a ga wani hoto a cikin hoton. Ni da na tsaya a aji biyu ma na gane wannan.

Yarinyar ta tuna da hoton da ke rataye a ɗakin Kaka. Hoton marigayi mijin Kaka ne, tsaye da kekensa a ƙofar gida. Shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Kullum Kaka ta dawo daga unguwa sai ta goge gilashin da gefen mayafinta.

Ran nan Kaka ta tafi duba mara lafiya. Yarinyar ta ari wayar Mama, ta hau kujera, ta sauko da hoton. Ba ta tambayi kowa ba. So take ta ɗaga shi a ƙofar gida, daidai inda marigayin ya tsaya, ta ɗauka.

Ta ɗauka sau biyar. Kowane karo rana ta haske gilashin, fuskar ba ta fita. Sai ta ce bari ta cire gilashin kawai.

Ta lanƙwasa ƙusoshin baya, ta zare kwalin. Hoton ya ƙi fita. Shekara da shekaru damshi ya manne shi da gilashin. Mai haƙuri zai tsaya nan. Ita kuwa ta ja.

Ta ji wata 'yar ƙara, kyat.

Ta duba. Ga keke, ga riga, ga hula. Babu fuska. Wurin fari fat. Fuskar ta zauna a jikin gilashi, ta dagargaje kamar ɓawon ƙwai.

Ta sa yatsa ta gyara, sai abin ya murje ya zama gari. Ta mayar da komai, ta rataye, ta jawo labulen taga ta rufe shi.

Daga nan tsoro ya zauna mata. Mama ta zuba abinci, yarinyar ta kasa ci. Ta wuce ƙofar ɗakin, iska ta ɗaga labulen, mutum marar fuska ya leƙo. Ta ruga bayan gida ta tsuguna. Duk ƙofar da aka taɓa a layin, sai ta ce Kaka ce.

Mama ta tambaye ta ko zazzaɓi ne. Ta ce a'a. Ta yi tunanin ta ce ɓera ne ya ci hoton. To, wane ɓera ne ke lanƙwasa ƙusa ya mayar?

Can sai ga ƙarar sandar Kaka, ƙwas, ƙwas. Ta shiga ɗaki. Ta kama gefen mayafinta, ta nufi bango.

Yarinyar ta sha gabanta.

"Kaka, kada ki ɗaga labulen. Ni ce. Na ɓata shi."

Kaka ta ɗaga. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga sanda ba. Ta zauna a bakin gado kawai.

"Shi ke nan fa, ƙawata," in ji ta a hankali. "Ba ni da wani."

Wannan ya fi bulala goma zafi. Yarinyar ta fashe da kuka, har ni a bayan katanga na share ido. Ƙura ce ta shiga, ba wani abu ba.

Mama ta zo ta ji komai. Ta ce wayarta ta haramta gare ta har wata guda. Sannan ta tafi ta jawo tsohuwar jakar hotuna daga ƙarƙashin gado. Ta yi ta bincike, har ta zaro ɗaya.

Hoton yarinyar ne tana jaririya, a cinyar Kaka, a wannan ɗakin. A bayansu, a bango, ga marigayi da kekensa, da fuskarsa, ƙarami kamar akwatin ashana.

Washegari suka kai wa mai hoto na bakin titi. Ya ce da an kawo masa gilashin tun farko, da ya ɗauki hotonsa ba tare da ya cire ba. Ya ƙara girman ɗan hoton, ya wanke. Ya fito dishi-dishi. Yarinyar ta miƙa wa Kaka.

Kaka ta kai shi kusa da hanci.

"Shi ne. Ga kunnuwan nan nasa kamar faranti. Dama idona haka yake ganin kowa yanzu."

Ranar gasa, da izinin Kaka, Mama ta riƙe waya yarinyar ta danna. Kaka na riƙe da hoton jaririya, marigayi na cikinsa. Hoto cikin hoto cikin hoto. Ta zo ta ɗaya, makaranta duka ta tashi tana tafi.

Tun daga ranar, ba ta taɓa kayan wani sai ta tambaya. In ta yi kuskure kuma, takan faɗa da bakinta tun kafin a gano.

To, tunda gaskiya muke koya, bari in faɗi tawa. Ta huɗu ta zo, aka ba ta fensir biyu. Ta ɗayan nan ni na ƙara mata, don ni a wurina ita ta ci.