Man Keke a Tayar Tsintsiya

Akwai wata yarinya 'yar aji shida a wata makarantar firamare da ke Kpakungu, cikin garin Minna. Yarinyar tana da ƙoƙari, wannan babu musu. Amma tana da wani hali mai ban haushi. Idan ta san abu ɗaya, sai ta ɗauka ta san goma.

Mahaifiyarta tela ce. Kowace Asabar yarinyar ce take ɗiga wa keken ɗinki mai. Ta san duk 'yan ramukan da ake ɗigawa. Shi ke nan fa, a ganinta babu injin da ya fi ƙarfinta a duniya.

A makaranta an ba ta aikin kula da ɗakin karatu. Ɗakin yana da koren kafet, wanda iyayen yara suka haɗu suka saya. Ba a shiga da takalmi. Duk da haka yara sukan shigo da yashi a ƙafa da ɓawon gyaɗa a aljihu.

Mai sharar makarantar sunanta Mama Christiana. Shekararta goma sha ɗaya tana wannan aiki, kuma da shi take ciyar da jikokinta biyu. Kullum da sassafe take tahowa daga Chanchaga. Da bayanta ya fara ciwo, sai makaranta ta saya mata tsintsiya mai taya.

Wannan tsintsiya ba ruwanta da lantarki. Ɗan akwati ne mai faɗi, da doguwar sanda ta riƙewa. Turawa kawai ake yi a kan kafet, gaba da baya, sai ta riƙa haɗiye datti. Mama Christiana ta huta da sunkuyo.

Wata ranar Laraba tsintsiyar ta fara ƙara. Ƙiiƙ, ƙiiƙ. Yarinyar tana jera littattafai, ƙarar tana shiga mata har cikin haƙori.

Ta ce, "Mama, wannan ƙarar ta ishe ni. Ki sa mata mai mana."

Mama Christiana ta ce, "A'a, 'yata. Malam Sheshi ya ce kada a sa mata komai. Ya tafi taro Bida. Idan ya dawo ranar Litinin zai duba ta."

Malam Sheshi shi ne malamin kimiyya.

Yarinyar ta ce, "Har Litinin? Abin da bai fi minti biyu ba?"

"Ki bar ta dai."

Yarinyar ta turo baki. A ranta tana cewa, me mai shara ta sani a kan inji? Ku ji fa. Matar da ta girmi uwarta, ita take rainawa haka.

Washegari ta sato kwalbar man keke daga gida, ta cusa a jaka. Da aka fita tara, ta lallaɓa ɗakin karatu ita kaɗai. Tsintsiyar tana jingine a bayan ƙofa. Ta kifar da ita.

Ta ga tayoyin roba huɗu, biyu a kowane gefe. A tsakiya ga dogon buroshi mulmulalle, kamar goyon masara. Ta matsa kwalba. Ta tuttula wa tayoyin mai, ta tuttula wa bakin buroshin, hagu da dama. Ta juya taya ɗaya da yatsa, ta ji shiru.

Ta yi murmushi, ta ce, "Ba ga shi ba."

Nan aka kaɗa ƙararrawa. Ta mayar da tsintsiyar, ta ruga aji, ko gwadawa ba ta yi ba.

Ranar Juma'a akwai taron iyaye da malamai, kuma a ɗakin karatu za a yi shi. Mama Christiana ta zo da wuri. Ba ta ma buɗe tagogi ba ta hau aiki. Ta tura tsintsiya daga ƙofa har bango, ta dawo, ta sake turawa. Sai da ta ci rabin ɗaki sannan ta buɗe taga.

Hasken ya shigo. Ta tsaya cak.

Kafet ya yi layi-layi baƙi, tun daga ƙofa har bango. Man ya haɗu da ƙura ya zama dagwalo. Yashi da ɓawon gyaɗa kuwa suna nan inda suke, ko ɗaya tsintsiyar ba ta ɗauka ba.

Ana cikin haka yarinyar ta iso da jakarta. Bayanta kuma ga hedimasta, Malam Gaiya, ya zo duba ɗaki. Ya durƙusa, ya dangwali layin da yatsa, ya shinshina.

Ya ce, "Wannan mai ne. Wa ya sa mai?"

Mama Christiana ta ce, "Yallaɓai, ba ni ba ce."

"Wa yake taɓa tsintsiyar nan in ba ke ba?"

"Ni ce mai shara da ita. Amma ban sa mata mai ba."

Ran Malam Gaiya ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Kafet ɗin da iyaye suka saya, yau kuma za su zo su zauna a kai. Kin ɓata, kuma kina musu. Ki tafi gida. Ranar Laraba kwamitin makaranta zai zauna. Idan aikin ya fi ƙarfinki, sai mu nemi wata."

Mama Christiana ta juyo ta dubi yarinyar. Ta daɗe tana dubanta. 

To, ina yarinyar mai baki? Ina wadda ta san inji? Tana nan tsaye, kwalbar mai tana cikin jakar da ke bayanta. Kalma uku ta ishe ta, ta ce ni na sa. Sai ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsun ƙafa. Wannan shirun ya fi zuba man muni, kuma shi ne ya fi ba ni haushi a duk labarin nan.

Mama Christiana ta ɗauki gyalenta. Ta fita a hankali, hannu ɗaya a ƙugu saboda ciwon baya. Yara suna leƙenta ta taga.

Ranar nan yarinyar ba ta gane komai a aji ba. A gida ma ta bar tuwonta a kwano.

Da safiyar Asabar mahaifiyarta ta ce, "Ɗauko man keke ki ɗiga. Ina da ɗinki da yawa yau."

Yarinyar ta shiga dube-duben ƙarya. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ɗaga kwando. Mahaifiyarta ta zuba mata ido na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Miƙo mini jakar makarantarki."

Ga kwalba nan, saura ɗan kaɗan a gindi.

"Ina man ya tafi?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, tun daga ƙarar tsintsiya har fitar Mama Christiana.

Mahaifiyarta ta ajiye almakashi. Ta ce, "Tsaya. Kina wurin aka kore ta?"

"E, Umma."

"Da idonki kina gani?"

"E."

"Kuma bakinki yana nan, ba a ɗinke shi ba?"



Mahaifiyarta ta ci gaba da cewa, "Man da kika ɗauka bai dame ni ba. Kafet kuma ana wankewa. Amma ki bar baiwar Allah ta tafi gida da laifinki a ka? Kin ba ni kunya. Ranar Litinin ƙafata ƙafarki."

Haka aka yi. Ranar Litinin suka tarar da Malam Sheshi ya dawo. Ya kifar da tsintsiyar a kan tebur a gaban ofis, yana dubawa. Malam Gaiya yana tsaye a gefensa.

Yarinyar ta ce, "Yallaɓai, ni na sa man. Mama ta hana ni, na ƙi ji."

Malam Gaiya ya juyo ya dube ta. 

Malam Sheshi ya ce, "Matso nan. Me ya sa kika zuba?"

"Ƙara take yi, Malam. Keken Umma idan ya yi ƙara mai ake sa masa."

Ya miƙa mata fensir. Ya ce, "Sa shi tsakanin tafin hannunki biyu, ki murza."

Ta murza. Fensir ya juya da sauri.

Ya lakato ɗan mai daga jikin tayar, ya shafa mata a tafin hannu. "Sake murzawa."

Ta murza. Hannuwanta suka yi ta zamewa, fensir ya ƙi juyawa, daga baya ma ya suɓuce ya faɗi.

Malam Sheshi ya ce, "To, abin da kika yi wa tsintsiya ke nan. Dubi nan. Kin ga bakin buroshin yana matse tsakanin tayoyi biyu? Tayoyin su ne tafin hannunki, buroshin shi ne fensir. Idan an tura tsintsiya, tayoyi suna birgima a kan kafet. Suna birgima suna murza bakin buroshi, sai ya juya. Shi kuma yana juyawa yana watsa datti sama."

Ya danna wani ɗan maɓalli. Faranti biyu suka buɗe, ɗaya a gaban buroshin, ɗaya a bayansa.

"Nan dattin yake faɗawa. In an tura gaba, in an ja baya, duk akwai mai tarewa. Babu batir, babu waya. Ƙarfin hannun mai turawa ne kawai. Shi ya sa aka yi tayoyin da roba, don su kama. Ke kuma kika zo kika ba su santsi."

Yarinyar ta ce a hankali, "Amma keken ɗinki..."

Mahaifiyarta ta katse ta. "Keken ma ba ki san shi ba. Kin taɓa ganin na sa wa igiyar da ke juya shi mai? Inda ƙarfe ke gugar ƙarfe ake ɗigawa. Igiya idan ta sha mai, sai ki yini kina taka keke allura ba ta motsa ba."

Yarinyar ta rasa inda za ta sa kanta.

Malam Sheshi ya ciro buroshin. A jikin ƙarfen da ke riƙe da shi, zare da gashin kitso sun nannaɗe tam. Ya sa reza ya yanke su. Ya ce, "Ga abin da ke jawo ƙarar nan. Da kin tambaya, da kin gani."

Ya sa ta wanke tayoyin da ruwan omo har sau uku, ta shanya a rana. Da suka bushe aka mayar. Ta tura tsintsiyar a gefen kafet mai kyau, sai ga ɓawon gyaɗa yana ɓacewa.

Da aka tashi makaranta, Malam Gaiya ya ɗauki yarinyar da mahaifiyarta a motarsa, suka nufi Chanchaga. Suka sami Mama Christiana a tsakar gida tana feren doya, jikokinta suna zaune kusa da ita. Ta ba su kujera, amma fuskarta babu fara'a.

Yarinyar ta durƙusa. "Mama, ki yafe mini. Ni na sa man."

Mama Christiana ta ce, "Na sani."

Kowa ya dube ta.

"Tun ranar na sani. Wa ya ce in sa mata mai in ba ke ba? Na dube ki, ina jira ki buɗe baki. Kika bar ni na ratsa filin makaranta yara suna kallona. Jiya na je coci, ko waƙa ban iya yi ba. Kwana uku ina tunanin abin da yaran nan za su ci. Raina ya ɓaci, 'yata, ba zan ɓoye miki ba."

Malam Gaiya ya ce, "To, Mama, me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ajiye wuƙa. Ta ce, "Ban ga lokacin da ta zuba ba, Yallaɓai. Ni ba na ɗora wa mutum abin da ban gani da idona ba."

Malam Gaiya ya sunkuyar da kai.  Sannan ya ce, "Ni kuwa na ɗora miki. Na yi gaggawa. Ki yi haƙuri, ki dawo bakin aikinki gobe. Zan faɗa a gaban yara duka cewa ba ki da laifi."

Mama Christiana ta yi ajiyar zuciya. Ta kamo hannun yarinyar ta ɗaga ta. "Tashi, ya wuce. Amma kafet ke za ki wanke. Bayana ba zai iya ba."

Kwana uku yarinyar ta yi tana dirzar kafet da omo bayan an tashi. Hannuwanta suka yi ja, gwiwoyinta suka yi tsami, ba ta yi ƙorafi ba. Mama Christiana takan zauna a kujera tana nuna mata inda ta tsallake. A rana ta uku har gyaɗa suka ci tare suna dariya.

Yara, kada ku gyara abin da ba ku san yadda yake aiki ba. Ku tambaya tukuna. Idan kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa nan take, tun kafin wani ya ɗauki laifinku ya tafi da shi gida.