Rukuni na Uku

Shekara tara ina kula da babbar kwamfutar ofis mai furosesa, wato ƙwaƙwalwar sarrafa aiki, sittin da huɗu. Sai Oga ya sa na raba su rukuni biyu: arba'in da takwas ga sabon injiniya, ragowar nawa. Abin ya yi mini ciwo.

Da dare na koma ɗakin sanyi inda kwamfutar take, in rage wa injiniyan rabonsa. A allo na tarar da rukuni na uku, yana kwashe nawa ɗaya bayan ɗaya.

Wani tsoho na zaune gefen na'urar, ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa.

"Baba, wa ya ba ka izini?"

Bakinsa bai motsa ba. Daga cikin fankokin na'urar muryar ta fito.

"Da ciwo, ko? Kafin a kawo ka, duka nawa ne."