Ƙasar da Ta Biyo Saiwa

Da yammacin wata Laraba a daminar 1976, Selina ta dawo daga aikin asibiti a gajiye. Ta ajiye jaka, ta zagaya lambun bayan gida don ta shigo da mahaifiyarta kafin sauro ya fito. Shekaru ke nan tana wannan hidima: wanka, ba da abinci a baki, wankin zanin gado. Mijinta Gilbert ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kullum yana kan hanya. A coci kowa na yaba haƙurinta, amma ba wanda ya taɓa cewa kawo in riƙe miki tsohuwar ko na yini ɗaya.

Lambun bayan gida shi kaɗai take yi don kanta. Gidan reluwe ne a Kafanchan, bayansa tulin kwal baƙi ƙirin. A makarantar mishan an koya mata tsari: ƙananan furanni a gaba, manyan shuke-shuke masu duhun ganye a can baya, su rufe muni, su fito da kyan na gaba. Sai dai ƙaramin dashe yana son shekaru, ita kuwa ba ta da sauran ƙarfin jira. Shi ya sa ta sa aka haƙo mata manya daga kufan garinsu na kan dutse, wanda aka bari tun tana goye. Ta ja wa masu haƙa kunne kada su kakkaɓe saiwa, a ɗauro kowanne da ƙasarsa cikin buhu.

Ranar dashe tsohuwar ta shinshina iska.

"Wannan ƙasan gidanmu ne," ta ce. "Ba a saukowa da shi. Mu da muka sauko, sai da muka wanke ƙafa a rafi. Waɗanda ke kwance a ciki za su biyo."

"To Mama, na ji."

Ta ji kam, irin jin da ake yi wa wanda tsufa ya ruɗa. Shuke-shuken suka kama, ko ganye ɗaya bai yi yaushi ba. Tun daga nan tsohuwar ta ce a riƙa juya mata kujera tana fuskantarsu.

A wannan yammacin Selina ta tarar da kujerar babu kowa.

Matar da ba ta iya zuwa ban-ɗaki sai an tallafe ta.

"Mama?"

Shiru. Babu ƙarar taragai daga tasha, babu kukan kwaɗi. Warin kwal ma ya ɗauke. Sai ƙamshin hayaƙin itace da na kunun acca, da warin awaki da ruwa ya daka. Can cikin ganyen ana niƙa a kan dutse, gurrr, gurrr, ba gaggawa.

Shingen manyan shuke-shuken ya buɗe a tsakiya. Inda ya kamata a ga wayar da ta kewaye gidan, sai ga siririyar hanya ta hau sama cikin duhu.

Tsohuwar na kan hanyar, tana tafiya, bayanta a miƙe.

Hannuwa suka fito daga ganye, masu toka-toka, suna shafa kafaɗarta. Ana kiranta ƙasa-ƙasa da yaren gida, da sunan da ta bari tun ranar baftisma.

Selina ta ɗaga ƙafa. Sai wata murya ta zo daidai kunnenta, numfashinta da sanyi.

"Je ki kwanta, 'yarmu. Mun karɓe ki."

Ta tsaya cak.

Gaskiya maganar ta yi mata daɗi, daɗin da ya fi muryar ba ta tsoro. In ta yi shiru kawai, gobe za ta yi barci har rana ta fito.

Ganye ya fara haɗewa.

Farin kan tsohuwar kaɗai ya rage.

"Yesu!"

Ta tattake furanninta, ta cusa hannu cikin reshe, ta damƙi zani. Aka ja. Ta ja. Yatsu masu sanyi suka kama wuyan hannunta, suna ɓamɓare nata ɗaya bayan ɗaya. Ta rungumi ƙugun uwarta, ta yi baya da dukkan nauyinta.

Suka zube a laka. Jirgi ya yi kuka a tasha.

Tsohuwar ta koma yadda take, a lanƙwashe, zaninta a jiƙe. Ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Kin gaji, ni ma na gaji," ta ce. "Don mene?"

Selina ta goya ta suka shiga ɗaki.

Da Gilbert ya dawo ya ga shatin yatsu a hannun matarsa, bai yi tambaya da yawa ba. Aka tuge shingen aka ƙone, aka kwashe ƙasar aka mayar kan dutse.

Tsohuwar ta ƙara shekaru a duniya, Selina na yi mata komai kamar da. Amma duk yamma, in ta sunkuya za ta ɗaga ta, sai tsohuwar ta leƙa bayanta da murna a fuska.

"Sun zo ɗaukana?"

"Ba yau ba, Mama. Ni ce."